Tsibiran Maluku: Yadda Teku, Iska da Duwatsun Wuta Suka Killace Kayan Ƙamshi a Kusurwa Ɗaya ta Duniya

Kanumfarin da ake jefawa a kunu da zoɓo da shayi ya zama ruwan dare, har ba safai ake tsayawa a tambayi inda ya samo asali ba. Amma an yi zamani mai tsawo, wanda bai ƙare ba sai wajejen ƙarni na 16, da kusan duk kanumfarin da ake saye da sayarwa a kasuwannin duniya yake fitowa daga wasu ƙananan tsibirai biyar da ke jere a gabashin ƙasar da a yau ake kira Indonesiya, wato Ternate, Tidore, Moti, Makian da Bacan. Ita ma gyaɗar ƙamshi, irin wadda ake shigowa da ita daga ƙetare, tushenta wasu tsibirai ne da suka fi waɗancan ƙanƙanta, ana kiransu Banda. Dukansu suna cikin rukunin tsibiran Maluku, waɗanda Turawa suka yi wa laƙabi da Tsibiran Kayan Ƙamshi. An saba ba da labarinsu ta fuskar jiragen yaƙi da kamfanoni da yarjejeniyoyin sarakunan Turai, sai dai a ganina ba za a fahimci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai an fara fahimtar ƙasar kanta, da tekun da ya kewaye ta, da iskar da ke kaɗawa a kanta, domin su ne suka sa itatuwan nan biyu suka yi ƙaranci, su ne kuma suka sa wanda ya fi ƙarfi ya iya danne su cikin sauƙi.

Maluku yana tsakanin tsibirin Sulawesi ta yamma da babban tsibirin Niyu Gini ta gabas, ƙasar Filifin tana arewa da shi, Timor da Ostireliya kuma suna kudu. Tsibiran sun haura 1,000, sun bazu a kan nisan da ya wuce kilomita 1,000 daga Morotai a can arewa zuwa Tanimbar da Kisar a kudu, amma idan aka haɗa busasshiyar ƙasarsu gaba ɗaya ba za ta wuce murabba'in kilomita 80,000 ba. Kimanin kashi 90 cikin 100 na yankin ruwa ne. Tun shekarar 1999 aka raba shi gida biyu ta fuskar mulki: lardin Maluku mai hedikwata a Ambon, da lardin Maluku ta Arewa wanda hedikwatarsa a hukumance take Sofifi a kan tsibirin Halmahera, kodayake birnin Ternate ne ya fi cika da hada-hada. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen lardunan biyu sun ɗan zarce miliyan 3, adadin da bai kai kashi biyu cikin 100 na al'ummar Indonesiya ba. Agogonsu yana gaban na Jakarta da sa'o'i biyu.

Abin da ya haifar da waɗannan tsibirai yana can ƙarƙashin ruwa. Ɓawon duniya ba dunƙule guda ba ne, manyan fale-fale ne masu motsi a hankali, kuma Maluku yana daidai inda uku daga cikin mafiya girmansu suke gogayya: na Asiya daga yamma, na Ostireliya da ke matsowa daga kudu, da na ɓangaren tekun Fasifik da ke turowa daga gabas. A arewa, ƙarƙashin Tekun Maluku, akwai wani yanayi da masana ilimin ƙasa suke yawan misali da shi saboda ba a cika samun irinsa ba: wani ƙaramin falle ya matsu tsakanin maƙwabtansa har yana nutsewa ta fuska biyu a lokaci guda, gefensa na gabas yana shigewa ƙarƙashin Halmahera, na yamma kuma yana shigewa ƙarƙashin tsibiran Sangihe. Duk inda falle ya nutse cikin zafin ƙasa, narkakken dutse yakan taso ya nemi mafita, shi ya sa aka sami jerin duwatsu masu aman wuta a gaɓar yammacin Halmahera. A kudu kuwa, turowar Ostireliya ta lanƙwasa jerin tsibirai har suka yi rabin da'ira suka rungume Tekun Banda, kuma a cikin wannan lanƙwasa ne ake da Ramin Weber, wanda zurfinsa ya zarce mita 7,000.

Daga wannan gogayya aka sami tsibirai iri-iri, kuma bambancinsu shi ne mabuɗin sauran bayanin. Akwai manya masu tsaunuka da dazuzzuka, irin su Halmahera da Seram, kowannensu ya haura murabba'in kilomita 17,000, da kuma Buru. A Seram ne Dutsen Binaiya yake, mai tsawon mita 3,027, wanda babu mafi tsawonsa a duk Maluku. Akwai kuma na kudu maso gabas, irin su Kei da Tanimbar, waɗanda akasarinsu murjani ne da ƙasa ta ɗaga sama, ƙasarsu ba ta da kauri kuma ruwan sama yana saurin tsiyayewa a cikinta. Sai na uku, waɗanda su ne suka yi suna duk da cewa su ne mafiya ƙanƙanta: duwatsun wuta da suka miƙe tsaye daga cikin teku. Tsibirin Ternate, a gaskiya, dutse ne guda ɗaya mai suna Gamalama, tsawonsa mita 1,715, kuma birnin yana maƙale ne a gindinsa tsakanin gangare da ruwa. Hanyar da ta zagaye tsibirin, mota tana iya gama ta cikin sa'o'i biyu. Tidore, wanda ɗan siririn ruwa ne kawai ya raba shi da Ternate, shi ma haka yake, da nasa dutsen mai suna Kie Matubu.

Zama a irin wannan wuri yana da tsada. A shekarar 1674 girgizar ƙasa da igiyar ruwa mai bin bayanta sun hallaka mutane fiye da 2,000 a Ambon da kewayenta, kuma masanin tsirrai Rumphius, wanda ya rubuta bayanin abin da ya faru, ya rasa matarsa da 'yarsa a ranar. A 1988 kaɗai, dutsen Makian da Gunung Api na Banda duka sun yi aman wuta har aka kwashe dubban mutane. Dutsen Dukono na arewacin Halmahera yana fitar da toka kusan ba tsayawa tun 1933, Dutsen Ibu ya tilasta wa ƙauyuka tashi a 2024, sannan girgizar ƙasar watan Satumban 2019 ta kashe gomman mutane a Ambon. Duk da haka jama'a ba su guje wa gindin duwatsun ba, saboda tokar da ke binne gona ita ce bayan 'yan shekaru take ruɓewa ta zama baƙar ƙasa mai laushi da albarka, wadda take riƙe danshi ba tare da ruwa ya kwanta a cikinta ba. Irin wannan ƙasa kuwa ita kanumfari da gyaɗar ƙamshi suka fi so.

Sai dai ƙasa mai albarka kaɗai ba ta isa bayani ba, domin Java ma tana da duwatsun wuta da ƙasa mai kyau, amma itatuwan ba can suka samo asali ba. Zurfin teku shi ne ya cike gurbin. A zamunnan da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya, ruwan teku ya ja baya da fiye da mita 100, sai Sumatra da Java da Borneo suka haɗe da nahiyar Asiya, Niyu Gini kuma ta haɗe da Ostireliya, dabbobi da tsirrai suka yi ta ƙetarawa a ƙasa. Mafi yawan tsibiran Maluku ba su haɗe da kowa ba, saboda ruwan da ya kewaye su ya yi zurfin da ba zai taɓa ƙafewa ba. Abin da ya isa can sai wanda ya iya tashi sama, ko ya yi iyo, ko igiyar ruwa ta kawo shi a kan gungume, kuma duk wanda ya isa yakan zauna a keɓe tsawon dubban ƙarnuka har ya rikiɗe ya zama jinsin da babu irinsa a wani wuri. Shi ya sa babu damisa ko giwa a dazuzzukan Seram da Halmahera, amma akwai aku da tantabaru da tsuntsaye masu ado da ba a samun su a ko'ina sai can, akwai kuskus mai renon 'ya'yansa cikin jaka a cikinsa, akwai kuma babirusa a Buru, dabba mai kama da gursunu wadda haurenta ke huda fatar hancinta ya fito sama. Baturen Ingila Alfred Russel Wallace ya shafe shekaru yana tattara halittu a wannan yanki, kuma daga Ternate ne ya aika wa Charles Darwin shahararriyar takardarsa a kan yadda jinsunan halittu suke rikiɗewa, a 1858. Da sunansa masana suke kiran yankin baki ɗaya Wallacea. Kanumfari da gyaɗar ƙamshi 'ya'yan wannan keɓewa ne kamar yadda tsuntsayen suke, kuma ƙwayar kanumfari ba ta daɗewa da rai bayan ta faɗo daga uwa, don haka ba abu ba ne da zai yi doguwar tafiya da kansa ya tsira a wata gaɓa.

Tsibiran Aru ne suka fita daban, kuma fitarsu daban ɗin tana ƙara tabbatar da bayanin. A taswirar mulki suna cikin Maluku, amma suna zaune ne a kan tudun ƙarƙashin ruwa da ya haɗa Niyu Gini da Ostireliya, inda Tekun Arafura ba shi da zurfi. Saboda sun taɓa zama yanki ɗaya da Niyu Gini, dabbobinsu irin na can ne, har da dangin kangaru. Arzikinsu na tarihi ma ba kayan ƙamshi ba ne, lu'ulu'u ne da gashin tsuntsaye da abubuwan teku da ake kai wa kasuwar garin Dobo.

Su kansu itatuwan suna da sharuɗɗan da suka ƙara taƙaita inda za su rayu. Abin da muke kira kanumfari tohon fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe, daidai lokacin da ya fara sauya launi daga kore zuwa ja-ja, sannan a shanya shi a rana na kwanaki har ya yi duhu ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Itacen yakan ɗauki shekaru shida zuwa takwas kafin ya fara bayarwa, ba kuma kowace shekara yake cika ba, babban girbi yakan zo ne bayan shekaru uku ko huɗu, kuma da hannu ake tsinkarsa, mutum yana bisa tsani ko reshe. Gyaɗar ƙamshi kuwa ɗan itacenta yakan tsage biyu idan ya nuna, sai a ga ƙwallo lulluɓe da wata jar riga mai tsage-tsage, kuma ita wannan rigar kayan ƙamshi ce mai zaman kanta wadda sau da yawa ta fi ƙwallon tsada. Itacen yana da namiji da mace, ba a gane wanne ne wanne sai bayan shekaru, kuma ba ya jure zafin rana kai tsaye ko iska mai ƙarfi, shi ya sa a Banda ake shuka shi ƙarƙashin inuwar manyan itatuwan kenari. Dukansu biyu suna bukatar zafi marar sauyawa, da ruwan sama mai yawa, da danshin teku, kuma kasancewar layin ikwaita ya ratsa ta kudancin Halmahera ya sa manyan guguwar teku da ke addabar Filifin ba su cika saukowa nan ba.

Iska ita ce ta fitar da kayan zuwa duniya. A wannan yanki tana juyawa sau biyu a shekara: daga wajejen Disamba zuwa Maris tana kaɗowa daga yamma, daga wajejen Mayu zuwa Satumba kuma ta juyo daga kudu maso gabas. Jirgin ruwa mai filafilai da ya taso daga Java ko Malaka, tashar jiragen ruwa a ƙasar Malesiya ta yau, yakan biyo iskar yamma ya iso Banda ko Ternate, ya zauna watanni yana ciniki, sannan iskar gabas ta mayar da shi gida. Tafiya ɗaya ke nan a shekara, wanda ya makara kuma sai ya jira wata shekarar. Wannan juyi na iska shi ne kuma yake tsara damina, ta hanyar da takan ba baƙo mamaki. A Ambon, inda ruwan shekara yake haura milimita 3,000, damina tana kankama ne daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da Java take cikin rani, saboda iskar kudu maso gabas tana kwaso danshi daga Tekun Banda ta zo ta ci karo da tsaunuka. A Seram tsaunukan tsakiya sun raba tsibirin biyu, gaɓar kudu tana shan ruwa a lokacin da gaɓar arewa take bushe, bayan wata shida kuma abin ya juya. Tsibiran kudu maso yamma irin su Kisar da Wetar suna da dogon rani da filayen ciyawa, ba su kuma taɓa zama ƙasar kanumfari ba.

Akwai wani rauni da ya biyo bayan wannan arziki, kuma ina ganin shi ne ya fi kowane abu tasiri a abin da ya faru daga baya. Tsibiran kayan ƙamshi ba su iya ciyar da kansu. Banda ba ta da filin noman shinkafa ko fadamar sago da za ta wadatar da jama'arta. Sago shi ne babban abincin Maluku: wani itace ne dangin tukurwa da ke tsira a fadama, ana sare shi a tsage, a kankare ɓargon cikinsa, a wanke a tace, garin da ya kwanta kuma a dama shi ya zama papeda da ake ci da miyar kifi, ko a gasa shi ya bushe yadda zai yi watanni bai lalace ba. Mutanen Banda suna sayo shi daga Seram da Kei da Aru, shinkafa da tufafi kuma daga Java da Indiya, duk da kuɗin gyaɗar ƙamshi. Muddin jirage suna shiga suna fita, su ne attajiran yankin. Ranar da wani ya iya tare ruwan kuwa, yunwa tana iya gama abin da bindiga ta fara.

Ƙarnuka da dama babu wanda ya tare shi. Fataken Java da Malayu suna kai kayan Malaka, 'yan Gujarat ta Indiya da Larabawa su ɗauka zuwa Hormuz da Adan, daga nan zuwa Alƙahira da Iskandariya, 'yan birnin Banis na Italiya kuma su ƙarasa da shi cikin Turai, kowane hannu yana ɗora ribarsa. Ta wannan hanya Musulunci ya iso a ƙarni na 15, kuma a arewa aka sami masarautu huɗu, Ternate, Tidore, Bacan da Jailolo, waɗanda ake kira a dunƙule Maloko Kie Raha, wato Maluku mai duwatsu huɗu. Abin lura shi ne ƙananan tsibiran ne suka mulki manya. Ternate da Tidore, da kuɗin kanumfari da kuma dogayen kwale-kwalen yaƙi masu suna kora-kora, sun shimfiɗa ikonsu a kan Halmahera da ta ninka su girma sau fiye da ɗari, ikon Tidore ya kai har gaɓar Niyu Gini, na Ternate kuma ya taɓa sassan Sulawesi. Banda ba ta da sarki ɗaya, manyan attajirai da ake kira orang kaya su ne suke tafiyar da al'amuran garuruwanta.

Hausawa sun ce arziki rigar ƙaya. Turawan Fotugal sun ci Malaka a 1511, shekara ta gaba kuma suka iso Banda da Ternate. A Nuwamban 1521 jirage biyu da suka rage daga ayarin da Sifaniya ta tura ƙarƙashin matuƙi Magellan suka sauka a Tidore, kuma guda ɗayan da ya koma Sifaniya a 1522 da mutum 18 kacal, kanumfari ya ɗauko. Da ƙasashen biyu suka kasa tantance ko tsibiran suna cikin rabon wa a layin da tun farko suka shata suka raba duniya tsakaninsu, saboda a lokacin babu mai iya auna nisan gabas da yamma daidai, sai Sifaniya ta sayar wa Fotugal iƙirarinta a yarjejeniyar Zaragoza ta 1529. Mutanen Ternate ba su kwanta ba: bayan an kashe Sultan Hairun da yaudara a 1570, ɗansa Babullah ya yi wa sansanin Fotugal ƙawanya har ya kore su a 1575.

Waɗanda suka karanci yanayin ƙasar suka kuma yi amfani da shi ba tare da tausayi ba su ne Turawan Holand, ta hannun kamfaninsu na VOC da aka kafa a 1602. Sun fahimci cewa hajar da ke fitowa daga tsibirai kusan goma, waɗanda mafi yawansu ana hango juna daga gaɓarsu, ana iya rufe ta da jirage kaɗan. A 1621 gwamnansu Jan Pieterszoon Coen ya auka wa Banda. An kashe shugabanni, an ƙone garuruwa, an tare hanyar abinci, waɗanda suka gudu kan tsaunin Lonthor, babban tsibirin Banda, yunwa da cuta suka cinye da yawansu, wasu aka kwashe su bayi zuwa Batabiya, wato Jakarta ta yau. Daga mutanen da aka ƙiyasta sun kai 15,000, waɗanda suka rage a tsibiran ba su fi kimanin 1,000 ba. Wannan kisan ƙare dangi ne, kuma bai kamata a saya masa suna ba. Wasu da suka tsira sun isa tsibiran Kei, inda jikokinsu a ƙauyukan Banda Eli da Banda Elat suke riƙe da tsohon harshen Banda har yau, alhali a Banda kanta ya ɓace. Kamfanin ya yanka ƙasar zuwa gonaki 68 ya raba wa Turawa, bayi da aka kawo daga wurare daban-daban suka riƙa yin aikin.

Kanumfari ya fi wuyar killacewa domin kafin lokacin ya riga ya bazu zuwa Seram da Ambon, don haka sai kamfanin ya ɗauki matakin sake zana taswirar itacen da ƙarfin tsiya. Ya ƙayyade cewa ba za a noma shi ba sai a Ambon da ƙananan tsibiran Lease uku da ke kusa da ita, Haruku, Saparua da Nusalaut, inda ido zai iya kaiwa ko'ina. A 1652 aka sa Sultan na Ternate ya amince a sare itatuwan ƙasarsa a musanya da kuɗin shekara-shekara, kuma ayarin kora-kora da ake kira hongi ya riƙa zagaya gaɓoɓi yana sare duk itacen da aka samu a wajen iyaka. Ta haka tsibiran da suka haifi kanumfari suka wayi gari an haramta musu shi. Gyaɗar ƙamshi kuma ana tsoma ta a ruwan farar ƙasa kafin a fitar da ita, don kada wani ya shuka ta ta tsira. A wannan yanayi ne aka ƙulla yarjejeniyar Breda ta 1667, inda Ingila ta haƙura da Run, tsibirin Banda mai tsawon kilomita 3 kacal, ita kuma Holand ta haƙura da Manhattan, wanda a yau shi ne tsakiyar birnin Niyu Yok. A lissafin wancan zamani, masu karɓar Run ba su ga sun yi asara ba.

Abin da killacewar ta dogara da shi shi ne zaton cewa itatuwan ba za su rayu a wani wuri ba, kuma zaton bai tabbata ba. A 1770 mutanen Bafaranshe Pierre Poivre suka yi fasa-ƙwaurin dashe zuwa tsibirin Moris, Turawan Ingila kuma da suka riƙe Banda a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon suka kwashi nasu zuwa Penang da Silon, wato Sri Lanka ta yau. A farkon ƙarni na 19 kanumfari ya isa Zanzibar da Pemba, inda Larabawan Oman suka kafa manyan gonaki da gumin bayi, har tsibiran biyu suka zama kan gaba a duniya. Gyaɗar ƙamshi ta isa Girenada a yankin Karebiyan a 1843, yau tana kan tutar ƙasar. Da farashi ya faɗi, nisan da a da yake ƙara wa Maluku daraja sai ya zama nakasu. Banda ta koma wurin da gwamnatin mulkin mallaka take jefa waɗanda take so a manta da su, kuma can aka tsare Mohammad Hatta da Sutan Sjahrir, jagororin neman 'yancin Indonesiya, daga 1936 zuwa 1942. A yau Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa noman kanumfari, amma mafi yawansa a cikin gida yake ƙarewa, a tabar kretek da ake gauraya shi a cikinta.

Yanayin ƙasar ya bar tambarinsa a kan zaman jama'a ma. Kusan kowa a gaɓa yake zaune, jirgin ruwa shi ne motar haya, kuma a watannin da teku ya yi fushi akan yi makonni wasu tsibirai ba su ga jirgi ba, farashin shinkafa da mai ya hau. Keɓewar da ta yawaita jinsunan tsuntsaye ita ta yawaita harsuna, sun haura 100, kuma na arewacin Halmahera da Ternate da Tidore ba ma dangin sauran harsunan Indonesiya ba ne, sun fi kusa da wasu harsunan yammacin Niyu Gini. A tsibirin Ambon, wanda wani dogon sashen teku ya kusa raba shi biyu, ɓangaren arewa da ake kira Leihitu akasari Musulmi ne tun zamanin fatake, na kudu wato Leitimur, inda Turawa suka kafa sansaninsu, akasari Kirista ne. Rikicin da ya ɓarke tsakanin Musulmi da Kirista a Janairun 1999 ya lashe dubban rayuka kafin yarjejeniyar Malino ta biyu a Fabrairun 2002, kuma cikin abubuwan da aka jingina da su wajen ɗinke ɓarakar akwai pela, tsohon alƙawarin 'yan'uwantaka tsakanin ƙauyuka, wanda sau da yawa yake haɗa ƙauyen Musulmi da na Kirista. Akwai kuma sasi, dokar gargajiya da ke hana taɓa wani yanki na teku ko na gona har zuwa wani lokaci, al'adar da ta dace da mutanen da suka san iyakar abin da ɗan tsibirinsu zai iya bayarwa.

Gogayyar fale-falen nan da ta gina duwatsun kanumfari a yammacin Halmahera ta yi wani aiki dabam a gabashinsa da kuma tsibirin Obi: ta tunkuɗo duwatsun ƙasan teku sama, ruwan sama da zafi suka yi ta narkar da su har suka bar jar ƙasa mai ɗauke da ma'adinin nikel, wanda ake bukata wajen yin ƙarfen da ba ya tsatsa da kuma baturan motocin lantarki. Tun da Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin a 2020, manyan masana'antun narkarwa masu jarin China suka tashi a gaɓar Weda da Obi, tattalin arzikin Maluku ta Arewa ya bunƙasa da fiye da kashi 20 cikin 100 a 2022, ya sake yin haka a 2023, abin da babu lardin da ya kama ƙafarsa. Sai dai nikel ɗin yana kwance ne a saman ƙasa, ba a cikin rami mai zurfi ba, don haka haƙarsa tana nufin a share daji a kwashe ƙasar gaba ɗaya, a kan gangare, a wurin da ruwan sama yake sauka kamar da bakin ƙwarya. Laka tana gangarowa cikin koguna zuwa kan murjani inda masunta suke kamun kifi, wutar masana'antun da kwal ake samar da ita, kuma dajin da ake sharewa a tsakiyar Halmahera shi ne mazaunin Hongana Manyawa, mutanen da wasunsu har yanzu suke rayuwa da farauta da tsintar abin daji. Itacen kanumfari idan aka sare shi ana iya dasa wani a jira shekara takwas, amma ƙasar da aka kwashe daga kan tsauni ta ɗauki dubban shekaru kafin ta taru, kuma a tsibiri babu wani fili a baya da ƙauye zai matsa ya koma idan koginsa ya gurɓace.